TANKI YA TASHI, MAI BAI TASHI BA

Duk ɗan Arewa da neman abinci ya kai shi Kurmi, ko yana Agege ne ko Idi-Araba a Ikko, ko Sabon Badun, ko Shagamu, ko Anacha, ko Fatakwal, babban burinsa shi ne ya tara abin da zai sayi fuloti a gida, ya aza harsashi, ya haƙa rijiya, domin ran da ƙarfi ya ƙare ya sami inda zai sa haƙarƙarinsa. Mutanen Kafanchan da Zonkwa da Kagoro da Kwoi da Kachiya ba a bar su a baya ba wajen wannan himma. Soja da ɗan sanda, direba da mai gadi, malamin ofis da ɗan kasuwar citta, kowa yakan tsimi ɗan abin da ya samu ya aika wa ɗan'uwa ko dillali a kama masa fili. Kafin a biya kuɗi akan duba takarda, a zaga iyaka, a kira shaidu, a tabbatar ba filin gado ba ne da ake rikici a kansa. Duk wannan daidai ne. Amma akwai tambaya guda da ba safai ake yin ta ba, watau me aka taɓa yi a wannan fili kafin a sa shi a kasuwa?

Ra'ayin wannan jarida shi ne, duk filin da aka taɓa binne tankin mai a cikinsa, ko aka taɓa girka tanki a kansa, bai kamata a sayar da shi don zama ba, ko a yi gini a kansa, ko a haƙa rijiya a ciki, sai masana sun auna ƙasarsa da ruwan da ke ƙarƙashinta. Nauyin wannan awo kuwa a wuyan mai sayarwa yake, tare da hukumar da ke sa hannu a takarda. Bai dace a bar shi a kan talakan da ke can Kudu yana tara kwabo-kwabo ba.

Ba don kome aka ɗauki Kafanchan misali ba sai don tarihinta. Jirgin ƙasa ne ya raya garin. A 1927 layin dogo da ya taso daga Fatakwal ta Inugu da Makurɗi ya riga ya haɗe da Kaduna, aka kuma fitar da reshe zuwa Jos, sai Kafanchan ta zama mararraba, ma'aikatan reluwe daga kowane sashe na ƙasar nan suka cika ta. Da farko kwal ɗin Inugu kawunan jirage suke ci. Daga tsakiyar shekarun 1950 aka fara shigo da masu shan man gas, sannu a hankali har suka ture masu kwal. Ko'ina a duniya kuwa, inda aka shekara da shekaru ana shayar da kawunan jirage mai, ana wanke su, ana juye musu baƙin mai, wuri ne da masana ke fara dubawa idan ana maganar gurɓatar ƙasa. Bayan reluwe ga gidajen mai da suka jeru a bakin hanyoyin Kagoro da Kwoi da Zonkwa da Gidan Waya, ga tankunan kananzir na cikin unguwa, ga tankunan injinan wuta na ma'aikatu da makarantu. Tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023, gidajen mai da dama a ƙasar nan suka kulle saboda jari ya gagara. Irin waɗannan filaye a bakin titi suke, a tsakiyar gari, su ne kuwa idon mai saye ke fara sauka a kansu.

Ya kamata mai karatu ya san yadda ɓarnar take faruwa. Tankin gidan mai irin na da, na ƙarfe ne mai bango ɗaya, an binne shi a ƙasa mai danshi. Shekaru suna tafiya tsatsa tana cinsa, har ta huda shi. Sau da yawa ma kafin tankin ya huje, bututun da ya haɗa shi da famfo ya riga ya fara yoyo a mahaɗa, ga kuma wanda ke malala duk ran da tanka ta zo juye mai. Kada a raina ɗigo. Idan mai yana ɗiga sau ɗaya a kowace daƙiƙa, a kwana guda ya wuce lita 4, a shekara ya haura lita 1,500. Mai gidan man ba lalle ya lura ba, domin zai ɗauka zafin rana ne ya shanye, ko yaransa ne suka yi masa 'yan dabaru. In aka yi shekara goma a haka, mai rabin cikin tanka ya shige ƙasa ba wanda ya gani.

Man da ya shiga ƙasa kuwa ba ya zama wuri ɗaya. Wani yakan maƙale a jikin ƙasa kamar yadda maiƙo ke kama tsumma. Wani yakan zama tururi ya bi ƙofofin ƙasa ya hau sama, ya taru a rami ko a ɗakin da aka gina a wurin. Saura yakan nutsa har ya tarar da ruwa, da yake kuma ya fi ruwa rashin nauyi sai ya kwanta a kansa, yana narkewa kaɗan-kaɗan, ruwan yana jansa zuwa gangare. Ƙasar Kafanchan da kewayenta tana samun ruwan sama fiye da yawancin Arewa, daga wajen Afrilu har Oktoba. A ƙarƙashinta akwai dutse, a bisa dutsen akwai ruɓaɓɓen dutse da marmara da jar ƙasa, a nan ne rijiyoyin unguwa suke samun ruwa, ba su da zurfi ainun. Da damina ruwan ƙasa yakan taso, da rani ya sauka, man da ke kansa yana binsa sama da ƙasa yana shafe duk abin da ke tsakani. Saboda haka ko an tone tanki an sayar wa 'yan gwangwan, an share wuri an zuba yashi, man yana nan a ƙasa, kuma bai san iyakar fuloti ba. Rijiyar maƙwabci da bai taɓa sayar da ko kwalbar kananzir ba tana iya riga ta kowa lalacewa.

Abin da ya fi ba likitoci tsoro a cikin fetur shi ne wani sinadari da ake kira benzin, wanda aka tabbatar yana haddasa sankarar jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade kada ya wuce maikirogiram 10 a litar ruwan sha, maikirogiram ɗaya kuwa shi ne kashi ɗaya cikin miliyan na giram. A bisa lissafi, idan kashi 1 cikin 100 na fetur benzin ne, to, lita guda tana ɗauke da abin da zai kai ruwa fiye da lita 800,000 ga wannan iyaka. Hanci yana iya tona asirin rijiyar da ta ɓaci ƙwarai, amma ba shi da ikon ba da shaidar cewa ruwa lafiya lau yake. Alam ba ya fitar da shi, tacewa da ƙyalle ba ta fitar da shi, tafasawa kuma sai dai ta tashe shi ya bi iskar ɗakin girki, uwargida da goyonta su shaƙa. A tsofaffin gidajen mai akwai kuma batun dalma, domin sai a farkon shekarun 2000 aka daina sa ta a fetur a ƙasar nan, ita kuwa ba ta ruɓewa a ƙasa.

Mazauna Ikko ba sa bukatar dogon bayani, gani ya kori ji. A unguwar Baruwa da ke Ipaja, cikin ƙaramar hukumar Alimosho, tun tsakiyar shekarun 1990 jama'a suka fara jin warin fetur a rijiyoyinsu, duk da cewa zurfinsu ya wuce mita 20. Masu bincike daga jami'o'i sun danganta abin da yoyon bututun mai na gwamnati da ya ratsa yankin, har suka auna man da ke kwance a kan ruwa a cikin rijiyoyi. Magidanta da suka kashe dukiyarsu suka gina gida suka haƙa rijiya, suka koma sayen ruwa shekara da shekaru.

A ƙasar Ogoni ta Jihar Ribas abin ya fi haka muni. Rahoton da Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a watan Agusta na 2011 ya nuna cewa a Nisisioken Ogale, kusa da wani bututun mai, an tarar da tataccen mai mai kaurin santimita 8 a kan ruwan ƙasa, jama'a kuma suna shan ruwan rijiyar da benzin ɗinsa ya ninka iyakar Hukumar Lafiya fiye da sau 900. A Ejama-Ebubu an tarar da ƙasa tana nan a gurɓace bayan kimanin shekara 40 da malalar mai. Rahoton ya ƙiyasta gyara zai ci shekara 25 zuwa 30. Gaskiya ne waɗannan ɓarnar bututu ce, kuma tankin gidan mai guda bai kai nan ba. Amma ƙasa ba ta tambayar daga ina mai ya fito, yadda yake tafiya a Baruwa haka zai tafi a Kafanchan. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

To, yaya ake awon? Ba a fara shi da inji, da tambaya ake farawa. Mai awo na ƙwarai zai nemi tsofaffin takardu da taswira, ya zauna da mai unguwa da dattawa da waɗanda suka taɓa aiki a wurin, ya ji tankuna nawa ne, ina aka binne su, wane irin mai suka ɗauka, shekara nawa suka yi, an taɓa samun gobara ko malala. Tsohon mai ba da mai da ya shekara ashirin a bakin famfo ya fi kowace takarda sanin inda ƙasa ta sha. Daga nan sai a zaga wurin da ƙafa, a ƙidaya rijiyoyin maƙwabta, a duba kwata da rafi da gangare.

Mataki na biyu shi ne tono. Idan tankin yana nan, ƙwararru ne za su zuƙe abin da ya rage, su fitar da tururin, sa'an nan a ɗaga shi a duba cikinsa da bayansa. A nan wajibi ne a ja kunnen masu walda da 'yan gwangwan: tankin da ake gani babu kome a ciki ya fi cikakke haɗari, domin tururin da ke cikinsa tartsatsi guda yake jira. Bayan an ɗaga sai a ɗebi ƙasa daga gindin ramin da gefunansa, da ƙarƙashin inda famfuna suka tsaya, da duk tsawon hanyar bututu. Sai a huda ramuka a wurare dabam-dabam, ana ɗiban ƙasa mita bayan mita har a kai ga ruwa, domin a san faɗin ɓarnar da zurfinta. A Ogoni an tarar da mai a zurfin mita 5 a wurare da yawa, wanda ya kankare sama-sama kawai ya ce ya duba, yaudarar kansa ya yi.

Mataki na uku shi ne ruwa. Akan haƙa ƙananan rijiyoyin gwaji aƙalla uku, domin da uku ne ake gane inda ruwan ƙasa ya dosa. Ɗaya takan kasance ta sama da wurin, don a san yadda ruwan yake kafin ya iso, sauran kuma ta gangare, wajen gidajen jama'a. Ruwan da aka ɗiba a kwalbar gilashi ake sa shi, a cika ta fal ba sarari, a toshe, a sa a ƙanƙara, a gaggauta kai shi ɗakin gwaji, in ba haka ba benzin ya gudu a hanya, takarda ta fito fes alhali rijiya tana da guba. Haka kuma awon wata guda bai isa ba. A ƙasa irin ta Kudancin Kaduna tilas ne a auna da damina a kuma auna da rani, domin rijiyar da ta fito lafiya a watan Maris tana iya nuna wani abu dabam a watan Agusta.

Mataki na ƙarshe shi ne a gwada abin da aka samu da ma'auni. Tsohon Sashen Kula da Albarkatun Man Fetur, watau DPR, ya fitar da littafin ƙa'idoji a 1991, ya sabunta shi a 2002 da 2018. A cikinsa an ce idan mai ya kai miligiram 5,000 a kilon ƙasa, ko maikirogiram 600 a litar ruwan ƙasa, gyara ya zama dole, abin da ake so a komar da ƙasa gare shi kuwa shi ne miligiram 50. Ga rijiyar da mutane ke sha, ma'aunin ruwan sha ne abin bi. In awo ya nuna wuri lafiya yake, mai fili ya sami shaidar da za ta ƙara wa filinsa daraja. In ya nuna akwai ɓarna, akwai magani: a kwashe ƙasar da ta ɓaci, a baje ta a wurin da aka tanada ana juya ta har ƙwayoyin halittar cikin ƙasa su cinye man, a zuƙe wanda ke kan ruwa, a rufe rijiyoyin da abin ya shafa, a samar wa masu su wani ruwan tun daga ranar.

Wani zai ce wannan aiki ne mai tsada, talaka ina ya ga kuɗin ɗakin gwaji, kuma garin da ke fama da rashin aikin yi da rashin tsaro ina ruwansa da abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Tsada kam akwai ta, ba a musu. Amma a auna ta da kuɗin gidan da aka gama aka kasa zama a ciki, da rijiyar burtsatse da aka haƙa aka rufe, da jinyar yaro a asibiti. Araha ba ta ado. Amurka ma sai da ta sha wuya ta farga. A 1984 majalisarta ta yi dokar tankunan ƙarƙashin ƙasa, a 1986 ta kafa asusun gyara da ɗan harajin da ake cirewa a kowane galan na mai, aka kuma ba masu gidajen mai wa'adi zuwa Disamba 1998 su gyara tsofaffin tankuna ko su rufe su. Daga lokacin zuwa yau an tabbatar da yoyo fiye da 500,000 a can. Idan tankunan ƙasar da ke ƙera ƙarfe sun yi yoyo haka, babu dalilin zaton na nan gida tsatsa tana jin kunyarsu.

Hukumomi kuwa ba a rasa su ba. Akwai NOSDRA da aka kafa a 2006 domin gano malalar mai da ɗaukar mataki. Akwai NMDPRA wadda dokar man fetur ta 2021 ta ɗora wa ba da lasin gidajen mai. A Jihar Kaduna akwai KEPA mai kula da muhalli, da KADGIS mai ba da takardun filaye, da KASUPDA mai ba da iznin gini. Abin da ake bukata shi ne a ɗaure su da igiya ɗaya, domin kada tsohon gidan mai ya sulale ta tsakaninsu ya zama gidan haya. Saboda haka wannan jarida tana kira da a yi abubuwa huɗu.

Na farko, Gwamnatin Jihar Kaduna ta sa a yi rajistar duk wuraren da tankin mai ya taɓa zama, masu aiki da waɗanda aka rufe, a fara da ƙananan hukumomin Jama'a da Zangon Kataf da Kaura da Jaba da Kachiya. Sarakuna da hakimai da masu unguwanni su ne za su fi taimakawa, kuma a yi shi tun dattawan da suka san wuraren suna raye. A kafe rajistar a sakatariyar ƙaramar hukuma inda kowa zai iya dubawa.

Na biyu, kada a ba da takardar mallaka ko iznin gina gida, makaranta, asibiti, masallaci ko coci a irin wannan fili sai an gabatar da sakamakon awon ƙasa da ruwa daga ɗakin gwajin da hukuma ta amince da shi.

Na uku, wanda ya ci ribar mai shi zai biya kuɗin awo da gyara. Kada a karɓi lasin daga hannun mai rufe gidan mai sai ya tone tankunansa a gaban jami'ai. Inda mai wurin ya rasu ko ya karye, a yi asusu daga kuɗin lasin da masu sana'ar ke biya.

Na huɗu, Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya ta auna filayenta na Kafanchan inda aka yi harkar mai kafin ta ba da hayar kowane yanki. A watan Maris na 2021 aka ƙaddamar da aikin sabunta layin Fatakwal zuwa Maiduguri, wanda ya bi ta Kafanchan. Ran da aikin ya iso garin, a sa awon ƙasa da ruwa a cikin lissafinsa. Jami'ar Jihar Kaduna tana da reshe a Kafanchan, Jami'ar Ahmadu Bello tana Zariya, masana ba su yi nisa ba.

Kafin hukuma ta motsa, 'yan'uwa mazauna Kudu suna da nasu aikin. Duk wanda zai aika kuɗin fili ya sa wakilinsa ya tambayi dattawan unguwa tarihin wurin, da na filayen da ke sama da shi. In an ce gidan mai ne a da, ko tanki ya taɓa zama, ya riƙe kuɗinsa sai ya ga takardar awo, ya kuma sa sharaɗin a cikin yarjejeniyar ciniki a gaban shaidu. Wanda ya riga ya saya kada ya yi saurin kiran masu burtsatse, domin haƙar da ba a toshe bakinta da siminti yadda ya kamata ba takan buɗe wa mai hanya zuwa ruwan da ke can ƙasa. Wanda iyalinsa suka ce rijiya tana wari ko tana walƙiyar maiƙo, su daina sha da girki da ita nan take, kada a tura kowa ciki yasa, kada a kusance ta da wuta, a kai rahoto ga hukuma a rubuce. Ƙungiyoyin ci gaban garuruwa da ke taro a Ikko da Badun da Fatakwal, waɗanda suka saba haɗa kuɗin gina aji da ɗakin shan magani, suna iya haɗa na awon rijiyoyin unguwa guda, su kuma aika wa wakilansu na majalisa takarda da murya ɗaya.

Masu zuwa gida da Sallah ko Kirsimeti su tafi da wannan magana a bakinsu. Gidan da mutum ya yi shekara ashirin yana gumi a Kurmi domin ya gina, 'ya'yansa da jikokinsa ne za su sha ruwan rijiyarsa. Tun ran gini, ran zane.